Rainon Malami a Ƙasar Gobir

Wanda ya je Sabon Birni ya ce a kai shi kufan Alƙalawa, ba zai iske kome ba sai tuddan ganuwa da gonaki a gefen Gulbin Rima. Nan ne babban birnin Gobir na dā, wanda rundunar Muhammadu Bello ta ci a 1808. Shi kansa Sabon Birni sai daga baya Gobirawa suka kafa shi, bayan da Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri. In masu tarihi suka taɓo wannan ƙasa, bakinsu ba ya wuce yaƙi: Tabkin Kwatto a 1804, Alƙalawa a 1808, Gawakuke a 1836. Amma akwai wani abin da ƙasar ta iya tun ba a zare takobi ba, watau yadda malami ke rainon wani malami. Mu da ke koyarwa a jami'a, wannan ya fi yaƙin shafarmu.

Babbar shaidarmu ita ce ɗan littafin nan na Abdullahi ɗan Fodiyo, Ida'un Nusukhi, wanda Mervyn Hiskett ya fassara da Turanci a 1957. A ciki Abdullahi ya jero malamansa da na wansa Shehu Usmanu, kowane malami da littafin da aka karanta a gabansa. Shi Abdullahi yana da shekara 13 mahaifinsu ya danƙa shi a hannun Shehu, ya karanci Ishiriniya da nahawu da Ahalari da Risala a wajensa. Sa'an nan ya yi ta bin waɗansu malamai, wannan don fanni kaza, wancan don littafi kaza.

Abin lura shi ne yadda ya ke faɗin tsawon zama. Shehu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya zauna wajen shekara biyu tare da Usmanu Binduri. Ya karanci Muhtasar a wajensa, amma abin da Abdullahi ya fi nanatawa shi ne Shehu ya ɗauki halin mutumin, ya zama kamar an tsaga kara. Haka kuma ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru wajen shekara guda, har Agadas. Da Malam Jibrilu zai wuce Makka sai ya komo da shi gida, domin mahaifinsa bai ba shi iznin tafiyar ba. Mai karatu ya duba wannan da kyau. Malamin da ya san haƙƙin uban almajirinsa har ya haƙura da rakiyarsa, ba karatun littafi kaɗai ke tsakaninsu ba.

Kada kuwa a ɗauka irin wannan zama yana mai da almajiri aku. Shehu ya yabi Malam Jibrilu yabo mai yawa, ya karɓi ijaza daga hannunsa, amma da aka zo kan mas'alar mai aikata babban zunubi, wanda Malam Jibrilu ya tsananta hukunci a kansa, Shehu ya rubuta ya saɓa masa, bai kuwa zubar masa da girma ba. A ganina nan ne rainon ya nuna ya kai. Malam Jibrilu ya yi malamin da zai iya gyara masa magana.

Shi ma Shehu haka ya yi wa ƙanensa. Sa'ad da su ke yawon wa'azi a Zamfara, wani malami da a ke kira Mustafa Gwani ya aiko da waƙa yana sukar yadda mata ke halartar majalisin. Shehu ya iya amsawa da kansa, amma sai ya ce Abdullahi ya amsa, alhali kuwa Abdullahi saurayi ne wajen shekara 20. Ya ba shi fage, ya tsaya a bayansa. Daga baya Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bi wannan hanya da mata: takan koyar da jaji, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauye ta koyar da 'yan taru.

To, mu komo ga jami'a. Da aka soma nazarin Hausa a matakin jami'a, farkon malamanmu ƙetare suka tafi, kamar M. K. M. Galadanci da ya sami digirin dakta a Landan a 1969. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Asusun TETFund kuma, tun 2011, ya biya wa malamai kuɗin ƙaro ilimi da halartar tarurruka. Ba mai raina wannan. Digiri ijaza ce, taro kuwa yawon neman ilimi ne, duka biyu mun gāje su. Wanda ya sulluɓe mana shi ne zaman.

Tun da ya ke harshe na karanta, bari in ɗan ratse. A ofisoshinmu a kan ce "horar da malamai". Bahaushe kuwa yakan hori doki, ya hori yaro mai ƙiriniya, abu ne na 'yan kwanaki, da linzami ko da tsumagiya. Raino dabam ne, goyo ne, sai an ga tafiyar ɗan da ƙafarsa a ke sauke shi. Taron bita na kwana uku horo ne. Shekara biyun Shehu wajen Binduri raino ne. Ko a tsangaya, ƙolo ba ya zama gardi don an tara shi a ɗaki an yi masa jawabi, sai ya daɗe yana biya wa na ƙasa da shi allo, alaramma na sauraro daga gefe.

Na san za a ce zamani ya sake, ɗalibai sun yi yawa, manyan malamai kuma aikin ofis ya danne su. Gaskiya ne. Amma Shehu ma ba a zaune ya ke ba sa'ad da ya ke rainon Abdullahi, yana bisa hanya ne gari gari.

Ran da na kama aiki, takardar jadawali aka miƙo mini da mabuɗin ofis, shi ke nan. Na yi zango guda ina koyar da ilimin furuci ba wanda ya leƙo. A zango na biyu ne wani dattijon malami ya shigo ya zauna a bencin baya. Wani ɗalibi, mutumin Isa, ya tambaya me ya sa su su ke cewa "hwari" mu kuwa muna rubuta "fari". Na dubi dattijon don ya cece ni, sai ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa, har na amsa. Da aka tashi ya ce in biyo shi ofis da takardun darasina, ya ɗauko jan alƙalami.