Hoto a Ƙofar Gida: Jirgin Sama, Raƙumin Dawa da Unguwa

Na'urar ɗaukar hoto ta shigo ƙasar nan ne cikin kayan mayaƙan Faransa. Ayarin Foureau da Lamy, wanda ya ƙetaro Sahara daga Aljeriya ya sauka Damagaram a ƙarshen shekarar 1899, yana ɗauke da ita, kuma wasu hotunan wannan tafiya sun fito cikin littafin da Foureau ya buga a Paris a 1902. Bayan shekaru 25, motoci takwas na kamfanin Citroën suka biyo ta Yamai da Doso da Tasawa da Damagaram a kan hanyarsu ta ratsa Afirka, tare da mai shirya fim Léon Poirier da mai zane Alexandre Iacovleff. Abin da aka fi nuna wa ƴan kallo a Paris a 1926 daga wannan yanki namu shi ne hawan dawaki da raye-raye da fadar Sarkin Tasawa Barmu. Babu laifi ga baƙo don ya ɗauki abin da ya ba shi mamaki; haka kowane matafiyi yake yi. Sai dai mai neman tarihin rijiyar unguwa, ko na marina, ko na hanyar da mata ke bi zuwa itace, da wuya ya sami abin kamawa cikin irin wannan taska. Ga baƙo waɗannan abubuwa ba labari ba ne, ɗan gari kuwa a lokacin ba shi da kyamara.

Jirgin sama ya zo a daidai wannan zamani. A watan Fabrairu na 1925 wasu manyan jiragen sojan Faransa guda biyu da suka nufi Tafkin Cadi suka yada zango a Yamai. Ɗaya ya faɗi a wajen tashi, mutum ɗaya ya rasu, tafiyar ta tsaya nan. A ranar 1 ga Nuwamba ta wannan shekara jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Tsakanin ƙarshen 1930 da farkon 1931 kuma, matuƙi ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, wanda asalin sana'arsa ɗaukar hoto ce, ya ƙetaro hamada ya ɗauki Gao da Kano daga sama. Hotunansa suna ajiye a ɗakin karatu na babbar makarantar kimiyya ta Zurich, kuma duk mai intanet yana iya ganinsu.

Abin lura shi ne, tun daga farko jirgin sama ya zama wurin da ake ɗaukar hotonmu daga cikinsa, alhali mu ba mu da ikon ɗaukar nasa. Filin jirgi da barikin soja suna cikin wuraren da hukuma ke hana ɗaga kyamara, kafin mulkin kai da bayansa, kuma har yau mai hankali ba ya gwada hakan ba tare da izini ba. Saboda haka jirgin ya shiga hoton talaka ta wata ƙofa dabam: aka zana shi da fenti a labulen shagon hoto. A Bobo Julaso, Sanlé Sory, wanda ya buɗe shagonsa a 1960, yana da labule mai zanen jirgi, samari su tsaya gabansa da jaka a hannu kamar za su hau. A Gana ma Philip Kwame Apagya ya yi irin wannan a shekarun 1990. Kada a raina waɗannan hotuna a ce wasan yara ne, domin suna faɗa mana abin da saurayin wancan lokaci yake buri. Wanda kuwa ya gaji hoton mahaifinsa a gindin matakalar jirgin Air Afrique, ranar tafiya karatu ko aikin hajji, ya riƙe shi da kyau: kamfanin da ƙasashenmu suka kafa tare a 1961 ya rushe a 2002, kuma irin wannan takarda tana cikin ɗan abin da ya rage nasa a gidajen mutane.

Amma hotunan da aka ɗauka daga sama sun yi mana wata rana da masu ɗaukarsu ba su yi zato ba. An yi su ne don zana taswira, a shekarun 1950 da kuma a 1975, aka adana su. A farkon shekarun 2000, wani masanin labarin ƙasa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Gray Tappan, ya ɗauko hotunan 1975 ya jera su kusa da sababbin hotunan wurare guda. A garin Galma na jahar Tawa, hoton 1975 ya nuna gonaki fayau, itace ɗaya nan ɗaya can, kamar yadda farin 1973 da 1974 ya bar su. Hoton 2003 ya nuna gonakin nan dai cike da ɗigo-ɗigon inuwa. Binciken da ya yi tare da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da Larwanou Mahamane, masanin gandun daji ɗan Nijar, ya kai ga ƙiyasin cewa manoma sun mayar da itatuwa a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Ba dasa su aka yi ba. Manomi ne ya daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, ya zaɓi mai ƙarfi ya sassabe sauran, abin da mutanen Maraɗi ke kira sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa bayan yunwar 1984. Duk wanda ya bi ta Magarya da Matamai da Mirya ya ga yadda gawo ya rufe gonaki.

Manoman sun san abin da suka yi tun kafin wani masani ya zo. To amma littattafan da ake karantarwa da rahotannin da ake rubutawa sun daɗe suna maimaita cewa hamada na cin ƙasar nan ba tsayawa, kuma maganar manomi ba ta isa ta karya wannan ba. Gani ya kori ji. Abin da ya ba hoton 1975 wannan ƙarfi shi ne an san ranar da aka ɗauke shi, an san wurin, sannan aka koma wurin aka sake ɗauka. Hoto ɗaya tilo da ba shi da kwanan wata, da bai iya shaidar komai ba.

Tarihin hoton namun daji ya bi irin wannan hanya. A zamanin mulkin mallaka dabbar da ke cikin hoto galibi matacciya ce, bature ya ɗora ƙafa a kanta da bindiga a hannu. Jean Rouch ya kawo sauyi da ya mayar da hankali ga maharban gida, ya ɗauki farautar dorina a yankin Ayoru a farkon shekarun 1950, ya kuma fitar da fim ɗin farautar zaki da baka a 1965. Duk da haka labarin kisa ne. Hoton dabba mai rai, wanda ake ɗauka don a san ta a kuma tsare ta, sai a Kure ya sami gindin zama.

Kure tana da nisan kilomita kamar 60 daga Yamai, kuma a kewayenta ne raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suka rage. A da suna yawo daga Senegal har Tafkin Cadi. Harbi da fari da faɗaɗa gonaki suka ƙarar da su, har a 1996 aka ƙidaya 49 kacal. Yaya ake ƙidaya dabbar da ke yawo, da damina tana kan tudu, da rani ta gangara Dallol Boso? Amsar tana jikin fatarta. Zanen kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsan ɗan Adam, kuma ba ya sakewa har mutuwa. Sai masu bincike suka riƙa ɗaukar kowanne ta gefen dama da ta gefen hagu, a ba shi lamba, a buɗe masa shafi, a rubuta namiji ne ko mace da wurin da aka gan shi. Kowace shekara a sake fita a gwada sababbin hotuna da kundin bara, a san wanda aka haifa da wanda ya ɓace. Aiki ne na haƙuri, babu wani ado a ciki, kuma yawancin hotunan ba za su ci kyauta a ko'ina ba. Da su ne aka tabbatar cewa garken ya haura 600 kafin 2018, shekarar da aka ɗauki takwas a mota aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji na jahar Maraɗi, inda aka yi kusan shekaru 50 ba a ga irinsu ba. A ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, ɗayansu shugaban ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora. Baƙi masu kyamara suka ɗauke ƙafa, nauyin sa ido a kan garken ya ƙara komawa wuyan ma'aikatan gandun daji da mutanen ƙauyukan da dabbobin ke cin waken gonarsu.

Inda muka fi rauni shi ne unguwa, wato abin da ya fi kusa da mu. Ba don ba a ɗauka ba. Daga shekarun 1950 shagunan hoto sun bazu a biranenmu, katin ɗan ƙasa da fasfo da takardun makaranta suka zaunar da kowa gaban kyamara, har waɗanda ke ƙyamar hoto saboda addini. A Yamai, Philippe Koudjina, wanda aka haifa a 1940 ya rasu a 2014, ya fita daga shago ya bi daren birnin na shekarun 1960 da 1970, wuraren rawa da shaƙatawa, ya bar mana fuskar samarin farkon mulkin kai. Maƙwabtanmu na Mali sun kula da nasu: sun kafa bikin hoto na Bamako a 1994, kuma a 2007 Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo a bikin fasaha na Venis. A nan kuwa, da injinan wanke hoto mai launi suka shigo a shekarun 1980, suka karya kasuwar masu wanke baƙi da fari da hannu, shaguna da yawa suka rufe, baƙaƙen finafinan da ake wanke hoto daga jikinsu aka jibge su cikin kwali. Zafi da ƙura da gara ba sa jiran kowa.

A dubi abin da ke tattare da wannan hasara. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka tayar da mutane zuwa kan tudu aka yanka musu sababbin unguwanni masu miƙaƙƙun hanyoyi. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, wadda aka gina a gurbinta aka buɗe ta a 1987 ba ta kama da ita ba. Ƙaramar kasuwa ta bi bayanta a 2012. A Birni da Zango na Damagaram, kowace damina tana tafiya da wani soro mai zanen magina, mai gida ya mayar da siminti. Malamin tarihi da ke son nuna wa ɗalibansa yadda waɗannan wurare suke sau da yawa sai ya koma ga katin gaisuwa na Turawa, alhali wataƙila hoton da yake nema yana cikin akwatin wata tsohuwa a bayan makarantarsa: hoton suna ko na aure, wanda a bayan amarya ake hango ƙofar gari ko rumfunan da suka ƙone. A ganina irin wannan hoto ya fi na baƙo daraja wurin mai tarihi, domin akwai mai rai da zai iya cewa wannan wance ce, wancan gidan wane ne.

Yanzu wayar hannu ta sa kusan kowane gida yana da kyamara, amma hoton waya yana mutuwa tare da wayar, ko ya yi ta yawo a WhatsApp ba suna ba wuri. Ƙungiyoyin al'adu da makarantu suna iya yin abin da aka yi wa gawo da raƙumin dawa ba tare da kuɗi mai yawa ba. Aji guda ya zaɓi wurare kaɗan, kamar bakin kasuwa da tafkin unguwa da itacen da shamuwa ke sauka a kai gabanin damina, a tsaya a wuri ɗaya a ɗauka kowace shekara cikin wata guda, a wanke a manna a kundi. Tsofaffin hotuna kuma a aro su daga iyalai da yardarsu, a kwafa a mayar wa masu su, a zauna da dattijon gidan ya faɗi sunaye da shekara tun yana iya tunawa. A rubuta bayanin a bayan hoton da fensir, domin tawadar biro tana ratsa takarda ta ɓata fuska, sannan a ajiye cikin akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi a kan benci nesa da bango.