Jari da Amana a Tarihin Bankunan Najeriya

Duk lokacin da bankunan Najeriya suka shiga ruɗani, maganin da hukuma ke fara ɗaukowa ɗaya ne: a ƙara jari. Hujjar wannan maƙala ita ce, maganin ya rage durƙushewar bankuna, amma bai kusantar da su ga manomi da ƙaramin ɗan kasuwa ba, domin tazarar ta samo asali ne tun daga dalilin kafa su.

Bankin BBWA, wanda yau ake kira First Bank, ya fara aiki a Legas a 1894 ƙarƙashin Alfred Jones na kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster. Aikinsa shi ne shigo da kuɗin azurfa daga Ingila da yi wa gwamnatin mulkin mallaka da kamfanonin Turawa hidima. Ɗan ƙasa yana iya ajiya, rance kuwa sai mai tsananin rabo. Wannan wariya ce ta sa ’yan ƙasa suka kafa nasu, irin su National Bank a 1933 da Agbonmagbe a 1945. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya sun rushe da kuɗin jama'a a farkon shekarun 1950, saboda ƙarancin jari da ba dangi da abokai rance. Dokar banki ta 1952 ta gindaya mafi ƙarancin jari, sannan Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959.

Tun daga nan ake bin wannan turba. A 2004 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ɗaga jarin daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. A wannan haɗaka ce Bank of the North, mai hedikwata a Kano, ya narke cikin Unity Bank. Masu goyon bayan matakin suna da gaskiya cewa bankunan da suka tsira sun yi ƙarfin buɗe rassa a ƙasashen Afirka. Sai dai a Agustan 2009 magajin Soludo, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420 don ceto su. Jarin ya ƙaru, amma an karkatar da shi zuwa kasuwar hannun jari da basussukan da ba su dawo ba.

A ɓangaren talaka kuwa, banki na neman takardar mallakar fili a matsayin jingina, alhali gonar gado ba ta da takarda. Shi ya sa har gobe mai sayar da ƙosai ke kai zubinta wurin uwar adashi, wadda ta san gidanta da halinta. Abubuwa biyu ne suka ɗan rage tazarar, kuma babu wanda girman jari ya haifar. Na farko bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, waɗanda bankin Jaiz ya buɗe wa hanya a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano. Na biyu masu POS, da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin kasuwa, suna biyan buƙatar da reshe bai kai gare ta ba. Amma mai POS cira da tura kuɗi yake yi, ba ya ba da rancen taki.

A 2024 an sake ɗaga jarin zuwa naira biliyan 500 ga bankunan da ke aiki har ƙasashen waje. Matakin yana da amfani, ganin yadda darajar naira ta zube. Duk da haka, ya kamata Babban Banki ya riƙa auna kowane banki da yawan rancen da ya bayar a jihohin da yake karɓar ajiya. Muddin ba a yi haka ba, kuɗin ƙauye zai ci gaba da gina birni.