Tuta a Ƙofar Gida: Tarihin Alamun Jam'iyyu da Haƙƙin Maigida a Illela

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata 'yar tambaya wadda ba safai masana tarihin siyasa kan tsaya a kanta ba, watau: wa ke da iko da ƙofar gidan mutum a lokacin zaɓe? Maigida ne, ko hukuma, ko kuwa jam'iyyar da ta fi ƙarfi a unguwa? Mun zaɓi Illela ta Jihar Sakkwato saboda zamanta a bakin iyaka, kimanin kilomita 80 da 'yan kai arewa da Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Ya kyautu mu faɗakar tun da wuri cewa akwai wata Illela a Jihar Tawa ta Nijar, ba kuwa ita muke nufi ba. Tun da Turawan Ingila da na Faransa suka gama shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, mutanen wannan yanki, masu harshe ɗaya da auratayya ɗaya, suke zaune ƙarƙashin doka iri biyu. Wannan ya sa abin da ke ɓoye a wasu garuruwa yake fitowa fili a nan.

Gida da Tuta a Al'ada

A Amurka, inda aka fi yin gardamar wannan batu, gidaje suna da fili a gaba, mai gida ya kafa ɗan allo da sunan ɗan takararsa. A 1994 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta soke dokar wani gari mai suna Ladue a Jihar Misuri, wadda ta hana irin waɗannan alluna, bisa hujjar cewa abin da mutum ya faɗa daga gidansa yana da nauyi na dabam, domin kowa ya san mai maganar. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Shi baya yake juya wa hanya. Abin da mai wucewa ke gani shi ne katanga, da ƙofar zaure, da dakali, sai kuma itacen dogon yaro idan akwai. A waɗannan wurare huɗu ne dukkan tarihin da za mu bayar ya gudana.

Katanga da zaure na maigida ne, babu ja. Amma dakali da inuwar itace suna da wani matsayi na tsaka-tsaki. Malaman fiƙihun Malikiyya suna kiran wannan fili da ke liƙe da bango fina'i: maigida ya fi kowa haƙƙin amfani da shi, ya zauna, ya ɗaure dabba, ya kasa kaya, amma bai mallake shi ba, ba shi kuma da damar cutar da mai wucewa. To, a wannan fili ne dattawan unguwa ke hira, a nan mai shayi ke ajiye teburinsa. Saboda haka tutar da aka ɗaura a itacen ƙofar gida takan yi magana da yawun mutane da yawa waɗanda ba a shawarce su ba.

Har wa yau, kalmar tuta ba ƙaramar kalma ba ce a ƙasar Sakkwato. Tun daga jihadin 1804, karɓar tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana nufin mubaya'a da wakilci. Bahaushen da ya ga ƙyalle bisa gora a ƙofar wani ba ado ya gani ba, caffa ya gani.

Zamanin En'e

Da siyasar jam'iyyu ta kunno kai, aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai alama ta zama wajibi, domin galibin masu zaɓe ba su karanta boko. A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 mutum yakan shiga ɗaki ne ya jefa ƙuri'arsa a akwatin da ke ɗauke da alamar jam'iyyarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC. Jam'iyyar da ba ta cusa alamarta a idon jama'a ba kafin ranar, ta yi asara. Wannan ne asalin kafa tutoci a ƙofar shugabannin rassa da liƙa takardu a bango.

A rubuce, babu dokar da ta ce talaka ba zai ɗaga tuta a gidansa ba. Amma iko da taron jama'a yana hannun En'e, ita ke ba da izinin lacca, 'yan doka nata ne, kotun alƙali da gidan yari ma nata ne, a Lardin Sakkwato kuwa, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, da wuya a raba En'e da NPC. Ƙarfin NEPU a lardin ya fi yawa ne a garuruwan jirgin ƙasa irin su Gusau da Ƙauran Namoda, inda baƙi da 'yan kasuwa suka yi yawa. A ƙauyukan da hakimi da dagaci suka san kowa da sunan ubansa, wanda ya ɗaga tauraro ya san abin da zai iya biyo baya: ƙarin haraji, ko tuhumar taro ba izini, ko ta zagin sarauta. Tutar wancan zamani tana da tsada, shi ya sa ake gaskata ta. Duk wanda ta tashi a ƙofarsa, da saninsa ta tashi.

A ƙetaren iyaka al'amarin ya fi tsanani. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, mai alamar raƙumi, ta faɗi, aka haramta ta a 1959, giwar RDA ta zauna ita kaɗai har juyin mulkin Seyni Kountché na 1974. 'Yan Sawaba da dama sun sami mafaka a Arewacin Nijeriya wajen 'yan NEPU. Watau akwai lokacin da ɗan adawa a Illela zai iya ɗaga tutarsa ya sha wuya, ɗan'uwansa a Ƙonni kuwa ko ɗagawar ba zai yi ba.

Ba a jima ba aka daidaita su. A watan Mayu 1966 gwamnatin Janar Ironsi ta rushe jam'iyyu da Doka ta 33, ta haramta nuna tutocinsu da alamunsu da kirarinsu. Ƙofar gida ta yi shiru shekara 12.

Daga 1978 zuwa Yau

An ɗage takunkumi ran 21 ga Satumba 1978, jam'iyyu biyar suka shiga zaɓen 1979. A Jihar Sakkwato gida da masara na NPN ne suka mamaye, ga Alhaji Shehu Shagari ɗan jiha yana neman shugabancin ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa kuma gwamna. Masu ja da su sun fi karkata ga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mabuɗin PRP bai yi tasiri irin na Kano ba. Abubuwa biyu sun sake kafin nan. Na farko, an karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rage ikon hakimai. Na biyu, Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, maigida yana da haƙƙin zama ne kurum. Wannan bai hana kowa ɗaga tuta ba, amma ya bar wa mai mulki wata igiya da zai iya ja idan ya so.

Babban sauyin da muke son jawo hankali gare shi ba na doka ba ne, na maɗaba'a ne. Da buga hoto mai launi ya yi arha, musamman daga 1999, sai fosta ta rinjayi tuta. Tuta maigida ke ɗaurawa. Fosta kuwa samari ne ake biya su liƙa da dare, da bokitin ƙullu, ba sallama. Gari ya waye mutum ya tarar da fuskar wanda bai sani ba a bangon zaurensa. A da maigida yana tsoron a hana shi magana a ƙofarsa. Yanzu ana magana ne da bakinsa ba da yardarsa ba, kuma a ganinmu wannan ne ya zubar da darajar alamar. Bangon da ke ɗauke da masarar APP a 1999 shi ne ya ɗauki lemar PDP a 2007, da tsintsiyar APC a 2015, sau da yawa ɗaya bisa ɗaya, mai bangon bai sauya ra'ayi ko sau ɗaya ba.

Me doka ta ce? Tsarin Mulki na 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, da na shiga jam'iyya a sashe na 40, ya kuma sa kula da tallace-tallacen waje cikin ayyukan ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade yaƙin neman zaɓe daga kwana 150 kafin ranar ƙuri'a zuwa sa'a 24 kafinta, ta hana amfani da wuraren ibada da ofisoshin gwamnati da na 'yan sanda, ta kuma hana nuna alama ko hoton jam'iyya cikin tazarar mita 300 daga rumfar zaɓe a ranar zaɓe. Wannan na ƙarshe yana da ban sha'awa a gari mai cunkoso, inda rumfar zaɓe kan kasance a ƙofar gidan mai unguwa ko a makarantar firamare: mita 300 za ta haɗiye gidaje masu yawa. Duk waɗannan tanade-tanade suna kare zaɓe ne ko jam'iyya. Wanda aka ɓata wa bango sai dai ya koma ga babin ɓarna da na kutse na kundin laifuffuka, waɗanda Final Kod ta 1960 ta zo da su, kuma ba kowa ne zai kai ɗan maƙwabcinsa gaban alƙali a kan takarda ba.

Ladabin da ya Cike Gurbi

Inda doka ta yi shiru, kunya ke aiki. Yage fosta da rana tsaka a gaban jama'a shelar gaba ce, don haka mai hankali yakan bar ta ga rana da ruwan sama, ko ya sa yaro ya ɓamɓare ta bayan kwana biyu. Liƙa taka bisa ta wani tsokana ce, daga nan faɗan samari kan fara. Ɗa ba ya ɗaga tutar da ta saɓa wa ta uba a ƙofar gidan gandu, sai ya kai ta majalisar abokansa ko ya ɗaura a babur. Ɗan haya ma yakan duba fuskar mai gida. Mace kuwa, wadda a Arewa ba ta sami ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, ba ta da bango ko kaɗan: ƙofar gida da muryar miji take magana. Alamarta ita ce atamfar da aka buga da hoton ɗan takara, wadda za ta ɗaura zuwa biki.

Illela tana da nata dalili na ƙarin taka-tsantsan. Arzikinta kasuwa ne, musamman ta dabbobi da hatsi ta ranar Lahadi, wadda ke tara fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya. Dillali da fatoma, masu saukar da baƙi a zaure, jarinsu shi ne amana. Baƙon da ya kawo shanu daga Tawa ba ya zaɓe a Nijeriya, amma yana son ya tabbata maigidansa zai iya shiga ofishin kowa, ko wace jam'iyya ke mulki. Ga irin wannan mutum ƙofa marar tuta kadara ce. A jihar da aka ci kujerar gwamna da ratar ƙuri'a 342 a 2019, wanda ya rufe wa rabin gari ƙofarsa ya yi ganganci.

A ɗaya gefen, tun bayan Taron Ƙasa na 1991 tutoci sun dawo Ƙonni, ruwan hoda na PNDS-Tarayya ya yi ƙarfi a Jihar Tawa. Sojoji sun karɓi mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, kasuwar Illela ta ji jiki. A watan Maris 2025 gwamnatin Janar Tiani ta rushe jam'iyyun Nijar baki ɗaya, kamar yadda aka yi a Nijeriya a 1966.