"NA BAR MAKA ZAƁI": TARIHIN SHINKAFA DA KIFI DAGA EDO ZUWA JEGA

A wasu unguwannin birnin Tokyo na ƙasar Japan akwai ɗakunan cin abinci waɗanda girmansu bai wuce zauren talaka ba. Kujera takwas ko goma ce jere a gaban wata kanta ta katako, bayan kantar kuma ga mutum tsaye da wuƙa a hannu. Ba a miƙa wa baƙo takardar jerin abinci, shi ma ba ya tambayar me aka tanada yau. Kalma ɗaya tak zai furta, wato "omakase", wadda ma'anarta ita ce "na bar maka zaɓi". Daga nan sai ya zuba ido, mai wuƙa ya riƙa ajiye masa lomar shinkafa ɗauke da yankan kifi, ɗaya bayan ɗaya. Wannan loma ita suke kira "sushi". Abin da mutum zai biya a zama ɗaya kuwa yana iya ɗara albashin malamin makaranta na wata guda a nan ƙasarmu.

Mai karatu zai ce, to mene ne haɗin kifi da kaska? Ina ruwan mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama da cimar Japanawa? Ruwanmu a ciki shi ne, kayan haɗin abincin nan biyu ne, shinkafa da kifi, kuma da su aka san Jihar Kabi. Saboda haka yana da kyau mu bi sawun yadda suka kai wannan matsayi a can, sannan mu waiwayo gida.

ASALIN SUSHI

Tun farko dabarar hana kifi ruɓewa ce. Masana sun fi karkata ga cewa ta faro ne a ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, wajen kogin Mekong, inda kifi ke yawa lokacin ambaliya, ya yi wuya da rani. Sai a sa wa kifin gishiri, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa a tukunya, a danne da dutse na tsawon watanni. Shinkafar takan yi tsami, tsamin nan kuma shi ke tsare kifin. In an tashi ci, sai a zubar da shinkafar a ci kifin kawai. Dabarar ta isa Japan da daɗewa, domin kundin dokokinsu na shekarar 718 ya ambaci sushi cikin kayan da ake biyan haraji da su. Har yau mutanen bakin tabkin Biwa suna yin irin wannan na gargajiya, kuma warinsa kan kori baƙo kamar yadda warin daddawa kan kori wanda bai san daɗinta ba.

A hankali mutane suka gaji da dogon jira, suka kuma ga asarar zubar da hatsi. Sai suka rage kwanakin, suna cin kifin tare da shinkafar. A zamanin da suke kira Edo (1603 zuwa 1868) aka gano cewa in an zuba wa shinkafa ruwan tsami na binega, nan take za ta yi ɗanɗanon da a da sai an yi watanni. Edo kuwa shi ne tsohon sunan Tokyo, birni ne mai cike da leburori da magina da gwagware masu neman abin da za su jefa baki a tsaitsaye. A wajejen 1824 wani mai suna Hanaya Yohei (1799 zuwa 1858) ya yi suna a unguwar Ryogoku da dunƙula shinkafa a tafin hannu yana ɗora mata kifin da aka kamo a gaɓar tekun birnin. Da yake babu ƙanƙara a lokacin, sai a jiƙa kifin cikin romon waken suya mai gishiri, ko a shanya shi a gishiri da binega, ko a ɗan tafasa shi. Galibin masu wannan sana'a a rumfunan bakin titi suke, tamkar masu tsire da ƙosai a wurinmu. Kitsen cikin kifin tuna, wanda a yau ya fi kowane yanka tsada, a wancan zamani zubarwa ake yi don saurin lalacewarsa, har suna masa kirari da cewa ko kyanwa tsallake shi take yi.

Abubuwa uku suka sauya sana'ar a ƙarni na 20. Na farko girgizar ƙasa ta 1923 wadda ta rusa Tokyo, ta tarwatsa masu sushi zuwa garuruwansu, suka yaɗa salon babban birni ko'ina cikin ƙasar. Na biyu yunwar bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 hukuma ta hana sayar da abinci a shaguna, sai masu sushi suka samo mafita: mutum ya zo da gwangwanin shinkafarsa, a dunƙula masa loma goma, ya biya ladan aiki. Na uku kuwa firiji da jirgin sama. A 1972 aka fara kawo ɗanyen tuna daga Kanada zuwa kasuwar Tsukiji ta Tokyo a jirgin sama, tun daga nan kifin duniya ya kama hanyar Japan. Wannan kasuwa ta yi ci daga 1935 zuwa 2018, sannan aka mayar da ita Toyosu, inda a gwanjon farkon shekarar 2019 aka sayi tuna guda mai nauyin kilo 278 a kan yen miliyan 333.6.

YADDA AKE ZAMAN OMAKASE

Hanyoyin sayen sushi uku ne. Akwai faranti mai tsayayyen farashi, akwai wanda mutum ke nuna abin da ransa ke so, sai kuma na ukun, wato omakase, wanda a cikinsa mai ci ke sallama komai ga gwanin. Gwanin nan tun asuba shi ko babban yaronsa ya je kasuwa, ya san kifin da ke kan ganiyarsa a wannan wata da wanda lokacinsa ya wuce. Yakan fara da farin kifi mai sauƙin ɗanɗano, ya gangaro zuwa mai maiƙo, ya rufe da wainar ƙwai. Shi ke shafa romo da yaji daidai yadda ya ga ya dace, ba a son baƙo ya ƙara. Ana cin loma da zarar an ajiye ta, tun shinkafar na da ɗumi, kuma ci da hannu ba abin kunya ba ne. Zuwa da turare mai ƙarfi rashin ladabi ne, domin yana danne ƙanshin abincin.

Wanda ya fi yin suna a wannan fage shi ne Jiro Ono, haifaffen 1925, wanda ya buɗe shagonsa mai kujera goma a unguwar Ginza cikin 1965. Littafin Michelin na Faransa mai auna darajar gidajen abinci ya ba shi taurari uku a 2007. A 2011 aka yi fim a kan rayuwarsa, a watan Afrilun 2014 kuma Firaminista Shinzo Abe ya kai Shugaba Barack Obama na Amurka can suka ci. Loma kamar 20 ce, cikin kimanin rabin sa'a an gama. Masu sana'ar suna da karin maganar da ke nufin shekara uku ana koyon dafa shinkafa, takwas ana koyon dunƙula ta. Ke nan abin da baƙo ke biya tsabar amana ce: ya yarda cewa wanda ke tsaye gabansa ya fi shi sanin kifi, kuma ba zai cuce shi ba.

JEGA DA AKUSHIN BAƘO

A daidai shekarun da Yohei ke dunƙula shinkafa a Edo, a nan ƙasarmu ana aza harsashin garin Jega. Malam Abdussalami Bagimbane almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar 1804. Daga baya ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka ci garinsa Kware a 1818, ya rasa ransa. Ɗansa Buhari shi ne ya kafa Jega a wajejen 1820, a bakin gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Gulbin nan yana zuba cikin gulbin Kabi, shi kuma ya faɗa Kwara, saboda haka jiragen ruwa da ayarin jakuna suka riƙa haɗuwa a wuri ɗaya. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar Jega ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Ana hada-hadar goron Gwanja da gishiri da kanwa da tufafi da dabbobi, har da bayi, abin da tarihi ba zai ɓoye ba.

To ina fataken nan suke ci? A irin waɗannan kasuwanni na ƙasar Hausa, falke yakan sauka ne gidan fatoma, wato mai masauki. Shi zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa a kan bashi, ya kuma ciyar da shi. Baƙo ba ya aikawa cikin gida ya ce ga abin da yake so. Akushi ne zai fito a rufe da faifai, abin da ya tarar a ciki shi ne rabonsa. Matan gida su ke duba abin da kasuwa ta bayar a ranar da kuma darajar baƙon, su yanke shawara. Ba a karɓar kuɗin tuwo, ladan maigida yana cikin la'adar ciniki. Fatoman da akushinsa ya yi suna, baƙinsa ba su yankewa. Wanda kuwa ya yi ƙwauro, baɗi ya ga ayari ya wuce ƙofarsa. Idan mai karatu ya lura, wannan ma "na bar maka zaɓi" ne, sai dai namu bai taɓa rabuwa da zumunci ya zama hajar sayarwa ba.

Kayan haɗin ma muna da su tun kaka da kakanni. Jar shinkafarmu ta gargajiya 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, an fara noma ta a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Sarkawa kuma sun san tarwaɗa da ramboshi da ƙarfasa da yauni da ƙurungu da giwan ruwa, sun san watan da kowanne ke ƙiba da ramin da yake kwana. Matsalar da ta sa mutanen Asiya binne kifi cikin shinkafa, mu da hayaƙi da rana muka magance ta, wato banda da shanya. Albasar Aliero ga ta nan tana cika manyan motoci zuwa kudu. Hanyar da ta taso daga Yawuri ta ratsa Koko da Maiyama ta iso Jega, kifin Kwara na bin ta. A Birnin Kabi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015. Hatta a idon duniya ba a bar mu baya ba: hukumar UNESCO ta sa cimar gargajiyar Japan cikin kayan gadon ɗan'adam a 2013, ta sa bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, cikin wannan jeri a 2016.

INDA AKA BAR MU

Kada a ɗauka ana kiran mutane su ci ɗanyen kifi. Abincin wani gubar wani, balle ma kifin gulbi yana ɗauke da tsutsotsin da wuta ke kashewa. Inda Japanawa suka yi mana fintinkau shi ne alƙalami. Wani ɗan kasuwa mai suna Kitagawa Morisada ya fara rubutu a 1837, ya shafe shekaru kusan 30 yana tattara yadda talakawan Edo da Osaka da Kyoto ke ci da sha da sutura. A littafinsa, Morisada Manko, ya zana hoton lomar sushi iri-iri, ya faɗi kifin da ke kan kowace da farashinta. Shi ya sa gwanin yau zai iya cewa ga yadda magabatansa suka yi.

Mu kuwa malamanmu na jihadi sun bar mana Infaƙul Maisuri da Tazyinul Waraƙati, muka san yaƙe-yaƙe da hukunce-hukunce, amma abin da ke cikin akushi bai shiga aikin da suka sa gaba ba. Wanda ya ɗan share mana hawaye shi ne Alhaji Umaru Salga (1858 zuwa 1934), Bakabe ne ta asali, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karachi ta ƙasar Gana ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanin noma da sana'o'i da zaman Hausawa da ajami. Sai ga shi a jami'o'in Turai da Amurka aka fi cin moriyar aikin nasa.

Yanzu kuma lokaci na ƙurewa. Tun da aka datse ruwa a Kainji cikin 1968 da Bakolori cikin 1978 da Goronyo a farkon shekarun 1980, ambaliyar da kifi ke bi ya hau fadama ya yi ƙwai ta sauya. Kifin kwali mai ƙanƙara da tarwaɗar kiwo sun cika kasuwa. Yaran da muke koyarwa a aji za su lissafa maka 'yan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya ba tare da numfasawa ba, amma da wuya ɗaya ya bambanta ramboshi da tarwaɗa. Duk tsohon Basarken da aka kai makwanci, da duk tsohuwar da ta san sirrin miyar bandar kifi da tuwon jar shinkafa, sun tafi da littafin da ba a buga ba.

Saboda haka, ya 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ga fili nan ba mai shi. Kafin ka kai tauraron labarinka otal ɗin Legas ya ci abin da kai kanka ba ka taɓa gani ba, ɗauki littafi da biro ka sauka bakin gulbi. Tambayi masunci sunan kowane kifi da watan kamunsa da irin komar da ake sa masa. Tambayi mai banda wane itace take ƙonawa, kuma don me. Tambayi dattawan kasuwa gidajen da fatake ke sauka a da da abin da ake kai musu. Rubuta sunan gari da ranar da aka gaya maka, ka kawo wa wannan mujalla. Morisada bai san za a neme shi bayan shekara 180 ba, abin da ya gani a titi kawai ya rubuta.

Allah Ya sa mu dace, amin.