Uwar Dokokin Ƙasarmu

Ya kai mai karatu, ko a Magariya kake ko a Dungas, tambayi tsofaffin garinku labarin aikin dole. Sun ji shi daga bakin iyayensu. A zamanin Nasara, akan ɗauke mutum daga gonarsa a kai shi gyaran hanya ko ɗaukar kaya. Ba shi da ikon ƙi. Sai a 1946 aka soke aikin dole.

Ran 18 ga Disamba 1958 Nijar ta zama jamhuriya. Ran 3 ga Agusta 1960 ta samu mulkin kai. A wannan shekara, ran 8 ga Nuwamba, aka kafa tsarin mulki. Shi ne uwar dokoki. Ko shugaban ƙasa yana ƙarƙashinsa.

Me ke cikinsa? Mulki na jama'a ne, su ke zaɓen shugabanninsu. Kowa daidai yake a gaban shari'a, mace da namiji, Bahaushe da Bafillace da Babarbare. Kowa ya yi addininsa. Kada a tsare mutum sai bisa doka. Ka ga manomin gyaɗa na Dungas da minista na Yamai, mudu ɗaya za a auna musu.

Amma alkawari kaya ne. Tun 1959 an hana jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari. Har Jori Hamani ya sauka, jam'iyya ɗaya ce ke tsayawa zaɓe. A 1974 soja suka karɓi mulki, aka jingine tsarin. Sai bayan babban taron ƙasa na 1991 aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa. A 1993 Mahamman Usman, ɗan Damagaram, ya ci. Bayan nan ma an sake tsarin mulki sau da dama. Na 2010 soja suka jingine shi a 2023.

Ka lura da abu ɗaya. Da Faransanci aka rubuta dokar 1960, ga shi a lokacin mutanen karkara kaɗan ne suka iya karatu. Wanda bai san haƙƙinsa ba, yaya zai neme shi? Rashin sani ya fi dare duhu.

Yau kai ka iya karatu. In an ba ka takarda, karanta kafin ka sa hannu. In an ce maka doka ce, ka nemi a nuna maka. Abin da ka gane kuma, ka faɗa wa maƙwabcinka.