Karkataccen Yatsa Da Wuƙar Likita

Takalmin biki ne ya jawo wannan rubutu. Yayata, wadda ta daɗe tana koyarwa a tsaye gaban allo, ta sayi wani sau-ciki mai tsada don bikin 'yarta, ta sa shi da hantsi, kafin la'asar ta tuɓe ta koma silifa tana ɗingishi. A gindin babban yatsanta na ƙafar dama akwai wani ƙullutu da ya shekara da shekaru yana girma, shi kuwa yatsan ya kwanta jikin maƙwabcinsa kamar mai yi masa raɗa. Likita ya ce aiki za a yi. Sai ta kira ni, ta ce, "Auta, kai ne mai bin diddigin abubuwa. In yarda a yanka ni, ko in haƙura?" Na ce, "Yaya, ba ni mako biyu." To, mai karatu, ga abin da mako biyun ya haifar.

Likitoci suna kiran wannan larura halus balgus, suna ne daga Latin da wani likitan fiɗa Bajamushe, Carl Hueter, ya yaɗa wajen 1870. Amma ciwon ya girme wa sunan nesa ba kusa ba. A 2021 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka binciki ƙasusuwan mutum 177 da aka tono daga tsofaffin maƙabartun garin. Cikin waɗanda aka binne tsakanin ƙarni na 11 da na 13, kashi 6 cikin 100 ne ke da karkataccen yatsa, amma a ƙarni na 14 da na 15 abin ya kai kashi 27. Me ya faru? Yayi ne ya shigo, na wani takalmi mai dogon tsini kamar bakin shamuwa. Masu hali da limaman coci su suka fi shan wuya, talakan ƙauye kuwa rashi ya yi masa rana. Abin har ya kai Sarki Edward na Huɗu ya kafa doka a 1463 ta taƙaita tsinin takalmi zuwa inci 2 ga wanda ba babban basarake ba. A 1958 ma an gwada mutanen Hong Kong, aka sami larurar ga kusan kashi 33 na masu sa takalmi, da kashi 2 kacal na masu tafiya ba takalmi. Ko da yake kada mu ɗora wa takalmi laifin duka, akwai gado a ciki. Innarmu tana da nata ƙullutun, ita da ba ta taɓa taka ƙwas-ƙwas ba.

A da babu likita mai hankali da zai buɗe gaɓar mutum saboda ciwon da ba ya kisa, domin raunin zai ruɓe, a rasa ƙafar ko ran gaba ɗaya. Sai da aka sami maganin sa barci a 1846, Joseph Lister kuma ya fito da dabarar kashe ƙwayoyin cuta a 1867, sannan wuƙa ta sami ƙarfin halin kusantar yatsa. A 1881 Jacques Reverdin na birnin Jeneba ya bayyana yadda ake yanke ɗan yanki daga kan ƙashin a miƙar da shi. Ka tuna fa, hoton ƙashi bai zo ba sai 1895, wato da ido da hannu kawai ake lissafin.

Nan ne labarin ya fi ba ni sha'awa. Abin da ido ke gani shi ne ƙullutu, saboda haka hankali sai ya ce a aske shi a huta. Alhali ƙullutun ba wani sabon tsiro ba ne sosai. Dogon ƙashin da ke bayan babban yatsa ne ke gocewa daga 'yan'uwansa, yatsan kuma jijiyoyi su ja shi ɗaya ɓangaren, sai kan ƙashin ya turo fata. In ka aske ƙullutu ka bar gocewar, an kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, bayan 'yan shekaru yatsa ya koma gidan jiya.

A 1904 wani likitan sojan Amurka, William Keller, ya ce tunda gaɓar ce ke ciwo, a cire gindin ƙashin yatsan kawai. Aikin ba wuya, zafin kuma yakan tafi, don haka ya yi tashe shekaru da dama. Sai daga baya aka lura da kuɗin da mai ƙafa ke biya: yatsa ya gajarce, ya zama laɓo-laɓo ba ya iya tokare ƙasa, nauyin jiki ya koma kan ƙananan yatsu, sabon ciwo ya ɓullo a tafin ƙafa. An gudu ba a tsira ba. Yau galibi tsofaffin da ba sa yawan tafiya ake yi wa irin wannan. Charles Mayo a 1908 ya cire kan dogon ƙashin maimakon gindin yatsan, Earl McBride a 1928 ya ce a bar ƙashi a gyara jijiyoyin da ke ja. Wanda a ganina ya fi su hangen nesa shi ne Paul Lapidus, wanda a 1934 ya ce kowa yana kallon reshe ne ya bar saiwa. A koma can tsakiyar ƙafa inda ƙashin ya fara gocewa, a maido shi layi, a haɗe gaɓar ta daskare. Har yau ana yin aikinsa, da sunansa kuma ake kiransa.

Bayan nan dabaru suka yi ta fitowa har suka haura 100. Akwai mai yanka ƙashi da siffar harafin V, wadda Austin da Leventen suka wallafa a 1981, akwai mai siffar Z da aka aro sunanta daga yadda kafintoci ke haɗa katako biyu, akwai kuma ta 'yan ƙananan huji da ake ɗaure ƙashin da ƙusoshin ƙarfe. Ni dai idan na ga ciwo guda da magani 100, zuciyata takan raya mini cewa babu wanda ya gamsar a cikinsu.

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne, kusan duk tsawon wannan tarihi likita ne ke ba kansa maki. A ɗauki hoto kafin aiki, a ɗauka bayan aiki, a auna kusurwa, in ta sauka ƙasa da digiri 15 a ce an ci nasara. Mai ƙafar fa? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, amma an daɗe ba a tambaye shi yadda ya kamata ba. A 2001 aka wallafa wani gwaji daga ƙasar Finlan, inda aka raba mutum 209 gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu aka yi musu aiki, wasu aka ba su shimfiɗar cikin takalmi, wasu aka ce su jira. Bayan shekara guda, kashi 83 na waɗanda aka yi wa aiki suka ce sun sami sauƙi, na shimfiɗa kashi 46, na jira kashi 24. Wuƙa ta yi nasara ke nan. Amma a 2004 masu tace binciken likitanci na Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da ke akwai, suka tarar kashi 25 zuwa 33 na waɗanda aka yi wa aiki ba su gamsu ba, ko da hoto ya nuna yatsa ya miƙe. Wani babban nazari na 2018 ya sami adadi mai ɗan daɗi, wajen mutum 1 cikin 10 bai gamsu ba, wajen 1 cikin 20 kuma karkacewar ta dawo masa.

Me ke hana gamsuwa? Gaɓa ta sandare, kumburi ya ɗauki watanni, wani ciwon ya koma ƙarƙashin yatsa na biyu. Wata kuma ta shiga ɗakin tiyata da mafarkin komawa tsohon takalminta, ta fito ta tarar har yanzu bai shiga. Shi ya sa likitocin yanzu ke cewa don ciwo ake wannan aiki, ba don ado ba.

Da na karanta wa Yaya duk wannan, ta yi shiru, can ta ce, "To ni sujada da zaman tahiya fa? Yatsan zai lanƙwasu?" Wallahi duk karatuna ban hango wannan ba. Da wannan tambaya ta koma wurin likitan, tare da wasu biyu: wane irin aiki zai yi cikin 100 ɗin nan, kuma mako nawa za ta yi ba ta tsaya gaban allo ba. Ya ce a ƙalla 6, cikin wani takalmi na musamman, kumburin kuma sai haƙuri. Ta ce a bari sai dogon hutu. Sau-cikin bikin kuwa, ƙanwar mijinta ce ke yawo da shi yanzu.