Kai hari a wasan eshek: yadda manyan gwanaye ke sayen lokaci da ƴaƴansu

A wasan eshek, wanda wasu ke kira darar Turawa, ana yin nasara ne idan aka ritsa sarkin abokin karawa har ya rasa gidan da zai shiga. Kai hari shi ne tattara ƴaƴa a kan sarkin nan da gaggawa, ko da za a yi asarar wasu a hanya. Masu koyarwa sun ba kowane ɗa kimarsa: dakare maki 1, doki 3, giwa 3 (ita ce Faransawa ke kira wawan sarki), hasumiya 5, sarauniya 9. Sai dai wasannin da suka yi suna a tarihi sun nuna cewa wannan lissafi ba ya aiki idan wuta ta kama kusa da sarki. A lokacin, ƴaƴan da ke wurin faɗan kaɗai ake ƙirgawa.

Misalin da aka fi ambato shi ne karawar da aka yi a Landan a watan Yunin 1851 tsakanin Adolf Anderssen, malamin lissafi Bajamushe, da Lionel Kieseritzky, wanda ke koyar da wasan a birnin Paris. Anderssen ya bar giwa ɗaya aka ci, ya bar hasumiyoyinsa biyu, daga ƙarshe ya miƙa sarauniya. Maki 22 ke nan, alhali shi dakaru uku kacal ya ci. A taku na 23 ya ritsa sarki da dawakai biyu da giwa ɗaya. Wanda ya dubi allon a ƙarshe zai ga dalili: hasumiyoyin Kieseritzky biyu da giwarsa ɗaya ba su taɓa motsawa daga gidajensu ba, sarauniyarsa kuwa ta yi taku takwas tana yawon kwasar ganima har ta ƙare a lungu, nesa da sarkinta. Daga baya aka laƙaba wa wasan sunan “wasan da ba ya mutuwa”, duk da cewa masu sharhi sun gano kurakurai a ɓangarorin biyu.

Wasan da ya fi wannan amfani ga mai koyo shi ne na Paul Morphy, matashin Ba'amurke daga New Orleans. A 1858, a gidan wasan opera na Paris, ya kara da wasu masu sarauta biyu da suka haɗa kai, Duke Karl na Brunswick da Count Isouard. A taku na 8 Morphy na da damar cin dakare a banza, ya ƙi, ya fito da doki. Kusan kowane takunsa sabon ɗa yake kawowa fagen fama, tare da barazanar da dole a amsa ta, don haka abokan karawarsa ba su sami sararin fito da nasu ba. Ya ba da doki a taku na 10, ya ba da sarauniya a na 16, ya gama a na 17 da hasumiya da giwa, su kaɗai suka rage masa ban da dakaru. Babu ɓarna a ciki ko kaɗan, shi ya sa har yau da shi ake fara nuna wa yara yadda ake kai hari. A ƙarshen wannan shekara Morphy ya doke Anderssen kansa a Paris, ya ci wasa 7, ya faɗi 2, suka yi kunnen doki a 2.

Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko a 1886, shi ya sa wa abin ƙa'ida. A ganinsa hari ba ya cin nasara sai in an riga an tara rinjaye, kamar riƙe tsakiyar allo ko samun rauni a katangar dakarun da ke kare sarki, kuma wanda ya sami rinjayen dole ya kai hari, in ba haka ba ya kuɓuce masa. Daga nan gwanaye suka ƙware wajen tsaro, cin sarki cikin taku ashirin ya yi wuya.

Sai ga Mikhail Tal, haifaffen Riga a 1936. Yana da shekara 23 ya karɓe kambin duniya daga hannun Mikhail Botvinnik a 1960, kuma a wasa na 6 na karawar ya jefa doki a bakin dakare, abin da ya yamutsa allon har Botvinnik ya kasa fita. Da yawa daga irin waɗannan sadaukarwa tasa, an gano daga baya cewa akwai hanyar kare su, kwamfuta ma ta tabbatar. Amma mai binciken yana zaune ne a gida da kwanaki a gabansa. Wanda ke gaban Tal kuwa agogo na cinsa, ga hanyoyi goma, guda ce kawai ta tsira. Botvinnik ya koma ya yi nazari, a 1961 ya kai wasannin inda babu rikici, ya ƙwato kambinsa.

Salon bai mutu ba. A 1956 Bobby Fischer, yana ɗan shekara 13, ya bar wa Donald Byrne sarauniya a New York ya ci wasan. A 1999, a garin Wijk aan Zee na ƙasar Holand, Garry Kasparov ya ba Veselin Topalov hasumiya a taku na 24, ya fito da sarkinsa fili, ya yi ta korarsa daga wannan gefen allo har ɗaya gefen. Topalov ya sallama bayan taku na 44.